Hansel da Gretel Ba Tare da Mayya Ba: Kundin Aikin Wani Gajeren Labari

3 ga Maris

Na tsayar da shawara. Tatsuniyar da zan sake ginawa ita ce ta Hansel da Gretel, ta 15 a tarin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara bugawa a 1812. Gajeren labari nake so ta zama, na manya, mai duhu.

Ga ta a dunƙule. Wani matalaucin mai saran itace yana zaune a bakin daji da matarsa da 'ya'ya biyu. Yunwa ta faɗa wa ƙasa, sai matar ta ce a kai yaran tsakiyar daji a baro su. Karon farko yaron ya zuba fararen tsakuwa a hanya, suka bi su suka dawo. Karo na biyu ɓarɓashin burodi ya zuba, tsuntsaye suka tsince. Suna cikin gararamba suka iske gida da aka gina da burodi, rufinsa kek, tagoginsa sukari. Tsohuwar gidan mayya ce. Ta kulle yaron tana kiwata shi don ta ci, yarinyar ta tura ta cikin tanderu, suka kwashi lu'ulu'u suka koma gida, suka tarar matar ta mutu, uban ya rungume su.

Galibi idan aka ce a duhunta tatsuniya, sai a ƙara jini, a ƙara wa mayya haƙora da farata. Ba na jin wannan tana buƙatar ƙari. Rage mata za a yi, domin an daɗe ana lulluɓe ta. A rubutun hannu na 1810, wanda 'yan'uwan suka aika wa marubuci Clemens Brentano, yaran ko suna ba su da shi, kuma wadda ta ce a yar da su mahaifiyarsu ce ta cikinta. Uwar haka take a bugun 1812. Sai a bugu na huɗu, na 1840, Wilhelm ya fara kiran ta matar uba. Ban ga laifinsa ba, littafin ya riga ya shiga hannun yara, kuma wa zai so ɗansa ya kwanta da tunanin uwa tana iya yin haka? Zuwa 1893, da aka mayar da labarin wasan kwaikwayo na waƙa aka nuna a birnin Weimar, uwar ba ta ma yar da kowa ba, fushi ta yi ta aike su tsinko 'ya'yan itatuwa, suka ɓata.

Kowane zamani ya zo sai ya sauke wa iyaye kaya kaɗan ya ɗora wa tsohuwar daji. Aikina in mayar da kayan inda aka ɗauko su.

8 ga Maris

Na zauna da shafukan farko kaɗai, wato hirar dare tsakanin miji da mata, da tafiyar farko.

Akwai abu guda da masu ba da labarin suke tsallakewa. Bayan an hura wa yaran wuta an ce su huta, suna jin ƙarar sara daga nesa, hankalinsu a kwance cewa ubansu yana kusa. Ashe ba gatari ba ne. Reshe ne aka ɗaure a jikin busasshiyar bishiya, iska tana buga shi. Kuma rubutun bai ɓoye wanda ya ɗaure shi ba: uban ne. Mutumin da aka ce mana zuciyarsa ta ƙi, wanda ya ce yana tausayin yaran, shi ne ya tsaya ya zaɓi reshe, ya gwada tsawon igiya, ya tabbatar ƙarar ta yi kama da ta gatarinsa. Matar magana ta yi. Shi ya yi aikin da hannunsa, da gwanintar sana'arsa. A ƙarshe ita ta mutu, shi aka zube wa lu'ulu'u a gaba.

Wannan bai taɓa kwanta mini a rai ba, kuma a kansa zan kafa rabin labarin. Ba zan mai da shi mugu ba. Mutum ne mai son a yanke shawara a madadinsa, ya aiwatar, sannan ya riƙe haƙƙin yin kuka. Irin wannan ya fi azzalumi ba ni tsoro, don azzalumi kowa na ganinsa.

Uwar kuwa ita ce mai lissafi. A tatsuniyar har cewa ta yi in ya ƙi, to ya fara feƙe katakon akwatunan gawarsu, don su huɗun duk za su mutu. Magana ce mai kaifi, amma ta wadda ta auna abin da ya rage ce. Ga yadda na rubuta wurin, da bakin Gretel:

"Katako ne kawai tsakaninmu da su, kuma yunwa ba ta barin mutum ya yi barci. Na ji Inna tana ƙirga a hankali. Rabin burodi, baki huɗu. Ta koma farko ta sake ƙirgawa, ko lissafin zai sauya. Baba ya ce, 'Ba zan iya ba.' Ta ce, 'Na sani.' Shiru ya yi tsawo har na ɗauka sun yi barci. Can sai na ji ya ce, 'Akwai sauran igiya a bayan ƙofa?' Ban gane ba sai washegari da yamma, da muka bi ƙarar gatarinsa har gindinta."

Ba na son ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan. Abin da ya rage shi ne in sa mai karatu ya riga ya so mutanen nan biyu kafin daren, in ba haka ba sakin layin ba zai yi ciwo ba.

14 ga Maris

Yunwar tatsuniya ba ta da shekara, ta labarina dole ta samu. Uku na auna.

Ta farko ita ce babbar yunwar Turai ta 1315 zuwa 1317, wadda ake yawan alaƙanta tatsuniyar da ita. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, hatsi ya ruɓe a gona, mutane suka cinye iri suka yanka dabbobin noma. A birnin Ypres kaɗai, a ƙasar Beljiyam ta yau, an binne kusan mutum 2,800 tsakanin Mayu da Oktoban 1316, kimanin kashi ɗaya cikin goma na mutanen garin. Ta biyu ita ce ta Faransa, 1693 zuwa 1694, da ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya. Shekaru kaɗan bayanta, a 1697, marubucin Faransa Charles Perrault ya buga tasa tatsuniyar ta yara bakwai da iyayensu suka yar a daji, ita ma da tsakuwa da ɓarɓashin burodi.

Ta uku na zaɓa. A Afrilun 1815 dutsen Tambora da ke tsibirin Sumbawa na Indonesiya ya yi aman wuta, tokarsa ta bazu a sararin sama, shekarar da ta biyo baya lokacin zafi bai zo wa Turai ba. Sanyi da ruwa suka lalata hatsi da dankali a 1816, a ƙasashen da yaƙe-yaƙen Napoleon suka bari a galabaice. Zuwa 1817 talakawan Jamus suna cuɗa dusa da garin katako cikin ƙullun burodi, dubban mutane daga Baden da Württemberg suna barin ƙasa zuwa Amurka da Rasha. Zan ajiye gidan mai saran itacen a yankin Hesse, inda 'yan'uwa Grimm suka tattara yawancin tatsuniyoyinsu suna zaune a Kassel. Abin da ya ja ni shi ne mutanen ba su san dalili ba. Dutse ya fashe a wani gefen duniya da ba su taɓa jin sunansa ba, uwa tana ƙirga rabin burodi a bakin daji.

16 ga Maris

Wani abu ya faɗo yau da ya juya aikin gaba ɗaya.

Idan labarina yana faruwa a hunturun 1816 zuwa 1817, to tatsuniyar ta girme shi. Tana cikin littafi tun 1812, tana bakin mutane tun kafin nan. Ke nan yarana sun san ta. Sunayen ma ba matsala ba ne, Hansel da Gretel sunayen lele ne na Johannes da Margarete, waɗanda kusan kowane ƙauye yana da su birjik.

To sai komai ya hau kan layi. Innarsu ce ta riƙa ba su tatsuniyar a shekarun ƙoshi, tana tsokanar su da cewa ga masu sunansu. Yaron ya fita tsintar tsakuwa da dare saboda a tatsuniya haka aka yi, kuma dabarar ta yi aiki, sun dawo gida. Daga ranar ya gaskata duk abin da ke cikinta. Saboda haka ranar da suka hango hayaƙi, suka iske gida a tsakiyar daji, da tsohuwa mai jajayen idanu, da tanderu a tsakar gida, ba su buƙaci kowa ya gaya musu ko wace ce ba. Sun zo da mayyarsu a ka tun daga gida.

Labarin ke nan. Babu mayya a dajin. Akwai tsohuwa, da yara biyu da yunwa ta cinye wa hankali, da tatsuniyar da ta riga ta faɗa musu yadda ake gamawa da ita.

22 ga Maris

Gretel ce mai ba da labari, tana tsohuwa, bayan rasuwar yayanta. Shi ya rayu ya mutu yana da yaƙinin mayya suka kashe, ita kuma ta bar shi a haka don ta ga abin da yake riƙe da shi ke nan. Yanzu da ba ya nan, babu wanda gaskiya za ta karya sai ita. Wannan ya ba ni dalilin da ya sa take magana yanzu, ya kuma ba ni murya: gajerun jimloli, ba neman tausayi, ba neman gafara.

29 ga Maris

Makon nan na yunwa ne, kuma ya fi duk abin da na rubuta wuya. Kalmar tana da saurin faɗa, nuna ta ne aiki.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945. Maza 36 ne suka ba da kansu, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ba ramar ce ta fi ɗaukar hankalina ba, abin da ya sami tunaninsu ne. Suka koma tara littattafan girki suna karantawa, suna daɗewa a kan ɗan abin da aka zuba musu, suna ƙara wa miya ruwa don ta yi yawa, suna lashe faranti. Sanyi ya riƙa damun su, dariya ta ƙaura, ƙaramin abu ya isa ya tayar da faɗa. Kuma waɗannan manya ne da suka san ranar da gwajin zai ƙare.

Daga nan na samo gidan burodin. Ba zan gina shi da burodi ba. Gida ne na katako da yumɓu, amma iska ta kwaso ƙanshin gashi ta kai wa yaran da suka kwana uku a daji, sai Hansel ya kai baki jikin bango. Gretel ta ce ta ga yana tauna gansakuka yana lumshe ido, ita ma ta sa baki, kuma har tsufanta za ta rantse ta ji zaƙi.

Na yi tunanin amfani da baƙar funfunar nan da ke kama hatsin da Jamusawa ke yin baƙin burodi da shi, wadda take yawaita a shekarun ruwa, take sa mutum ganin abin da babu da jin wuta a gaɓoɓi. Ta dace da shekarar sosai. Na ajiye ta. Da zarar na ce guba ce ta juya musu kai, na ba yaran mafita, mai karatu ya sami inda zai fake ya ce ba su san abin da suke yi ba. Ina so Gretel ta kasance cikin hayyacinta a gaban tanderu.

6 ga Afrilu

Tsohuwar. A nan zan daɗe.

Mijinta mai ƙona gawayi ne, ya rasu ya bar ta a daji. Yanar ido ta rufe mata idanu, hayaƙin shekaru ya mai da su ja. Tana da ɗan hatsin da ta ɓoye tun kafin shekarar ta lalace, kuma dalilin da ya sa ba ta son a san da ita ke nan. Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce duk abin da mayya ta yi a tatsuniya, ita ma za ta yi shi, ba ragi, amma kowanne yana da fuska biyu.

Ta kulle Hansel a ɗakin awaki mai ƙofar sanduna. Me ya sa? Daren farko ya saci burodi guda ya cinye, ya kwana yana amai, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Likitoci sun san wannan yanzu: wanda ya daɗe cikin yunwa in ya cika ciki farat ɗaya, sinadaran jininsa, musamman fosfet, suna faɗuwa har zuciya ta iya tsayawa, kuma an ga haka a fursunonin da aka 'yanta a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Tsohuwar ba ta san sunan komai ba, ta dai taɓa ganin yunwa, ta san da cokali ake dawo da mutum. Yaro kuma ba zai ji ba, sai an sa sakata.

Kowace safiya tana cewa ya miƙo yatsa ta taɓa. Makauniya ce kusan, da me za ta gane ko yaro yana murmurewa in ba da hannu ba? Shi kuma yana miƙa mata ƙashi, kamar yadda aka yi a tatsuniya. Wannan ne wurin da ya fi taɓa ni a duk labarin. Tana taɓa ƙashin, hankalinta ya tashi, ta ɗauka yaron yana ƙarewa a hannunta, sai ta ƙara masa abinci. Daga ina ƙarin zai fito? Daga kason Gretel, sannan daga nata. A tatsuniya ɓawon ƙaguwa kaɗai ake ba yarinyar. A nawa labarin Gretel tana ganin kwanonta yana raguwa, na yayanta yana cika, ta ce lallai kiwata shi ake yi. Dabarar da suka yi don su tsira ita ce take ƙera musu hujja kullum, mako huɗu cur.

Kada a manta da zamanin. A ƙarshen shekarun 1620 an ƙona ɗaruruwan mutane a Bamberg da Würzburg na Jamus da sunan maita. Anna Göldi, wadda ake yawan kira ta ƙarshe da aka kashe a kan wannan zargi a Turai, a 1782 aka sare ta a Glarus ta Suwizalan. Tsohuwata tana budurwa a lokacin. Kotuna sun daina, amma zukata ba su daina ba, kuma ta san abin da ake faɗa a kan mace mai zaman kaɗaici a daji. Na ba ta jimla ɗaya a kan haka, ranar da ta ji yaran suna raɗa: "Na san abin da kuke kira na. Ku ci dai."

13 ga Afrilu

Na rubuta tanderun. Irin babban nan ne na dutse da ake hura wuta a ciki, a kwashe garwashi, a share, sannan a jera ƙullu. Ta ce wa Gretel ta leƙa ta ji ko zafin ya yi, don idonta ba ya gani. Gretel ta ce ba ta iya ba. Tsohuwar ta durƙusa ta shiga har kugu da tsintsiya a hannu don ta nuna mata.

"Ba ta da nauyi. Abin da ban taɓa gaya wa Yaya ba ke nan. Na tattara duk ƙarfina don na ɗauka mayya za ta yi nauyi, sai na ji kamar damin ƙirare na tura. Na sa sakata. Da farko ba ta yi ihu ba. Ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta ce, 'Yarinya, ƙofar ta rufe.' Ta ɗauka iska ce."

Bayan nan Gretel ta shiga ɗaki neman mabuɗin ɗakin awaki, ta tarar da ƙullu a kan tebur an raba shi gida uku, biyu manya ɗaya ƙarami, da tsumma biyu a shimfiɗe na ɗaure guzuri. Ban sa ta ce komai a kai ba. Ta ɗauki mabuɗi ta fita.

20 ga Afrilu

Na ba wata da nake yarda da idonta daftarin, ta dawo da magana biyu.

Ta farko, tsohuwar ta cika tsarki. Ta ce na cire mayya na sa waliyyiya, kuma wannan ma lulluɓi ne, don mai karatu zai san inda zai ajiye tausayinsa tun kafin a gama. Maganarta gaskiya ce. Saboda haka na ƙara akwati a ƙarƙashin gado. A tatsuniya lu'ulu'u ne a ciki. A nawa takalman yara ne, ƙanana, an goge su an jera. Na 'ya'yanta ne da suka mutu tun da daɗewa? Na yaran da suka iso a makare ta binne? Ko kuwa Hansel ne mai gaskiya? Gretel ta gan su bayan ta riga ta sa sakata, kuma shekara sittin tana komawa kansu, wata rana su wanke ta, wata rana su kama ta. Ni a raina na san amsar, amma ba ta cikin labarin.

Ta biyu, tana so in buɗe wurin tanderun, a ji ihu, a ji ƙauri, tunda labarin duhu na ce zan rubuta. A nan ban bi ta ba. Da zarar ihu ya fara, mai karatu zai koma kallon abin tsoro, ya huta da tunani. Ƙwanƙwasawa biyun nan sun fi duk ihun da zan iya rubutawa nauyi, kuma Gretel da na sani a daidai nan za ta tsaya. Mace ce da ta kwashe rayuwarta tana kewaye minti biyar ɗin da suka biyo baya.

24 ga Afrilu

Na cire agwagwar da ta haye da su ruwa, da farin tsuntsun da ya ja su zuwa gidan. A labarin da babu sihiri ba su da wurin zama. Farar kyanwar da Hansel yake cewa ita yake waiwaye a kan rufin gidansu lokacin da ake tafiya da su daji kuwa na bar ta, sai dai an riga an cinye ta tun farkon hunturu, kuma duk su huɗun sun sani lokacin da yake faɗa. Innar ta ce masa hasken rana ne a kan bututun hayaƙi, kamar yadda yake a asali, muryarta tana rawa.

2 ga Mayu

Komawa gida, kuma daftari na biyu ya kammala.

Tatsuniyar ta kashe uwar da rabin jimla, ba dalili, sannan ta ce baƙin ciki ya ƙare, ta rufe da ɓera mai gudu da wanda ya kama shi zai ɗinka hula da fatarsa, wato nasu ƙurungus ɗin. Ni sai da na ba mutuwar dalili. Tun ranar da suka baro yaran ba ta ƙara kai komai baki ba. Kasonta take turawa gaban mijin, shi kuma yana ci. Lissafinta na baki huɗu ya koma baki ɗaya, kuma da bakin uban Gretel ta ji wannan, yana faɗa yana kuka, bai ma lura da abin da yake tona wa kansa ba.

Yaran sun iso da rabin buhun hatsi a maimakon lu'ulu'u. Uban ya buɗe ƙofa, idonsa ya sauka a kan buhun kafin ya sauka a kansu, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawa ba, kuma Gretel ta gani. Ya tambayi inda suka samo. Hansel ya ba shi tatsuniyar daga farko har ƙarshe, da gidan burodi da mayya da komai. Mai saran itacen ya san dajin nan kamar tafin hannunsa, ya san matar mai gawayi, ya taɓa sayar wa mijinta itace. Ya dubi 'yarsa, ta dube shi. Ya ce, "Allah ya tsare ku daga mayya." Shi yana buƙatar kada a tambaye shi igiya, ita tana buƙatar kada a tambaye ta sakata, a kan haka suka zauna gida ɗaya shekara ashirin. Hatsin ya kai su girbin 1817.

Sauran aiki: tafiyar dawowa ta yi tsawo, zan rage ta da kusan rabi, don bayan tanderu mai karatu ba shi da haƙurin bishiyoyi. Shafin farko yana buƙatar wuri guda na shekarun ƙoshi inda Inna take ba da tatsuniyar tana kwaikwayon muryar mayya, yaran suna dariya, uban yana gyaran ƙotar gatari a gefe. Ban kuma yanke yawan takalman da ke cikin akwatin ba. Ƙafa biyu za su karkata ga 'ya'yanta, bakwai za su karkata ga Hansel, don haka ina gwada uku da huɗu in ga wanne ya fi tsayawa a tsakiya. In na gama waɗannan zan mayar wa mai dubawar, tare da wani da bai taɓa jin tatsuniyar ba, in ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa a wurin wanda bai zo da ita a ka ba.